Daga Liyari Zuwa Sisin Gwal: Hoton Da Ke Jikin Kuɗin Ado Da Nauyin Da Ke Cikinsa

A 'yan shekarun nan wata magana ta zama ruwan dare a wuraren ɗaurin auren masu hali a ƙasar Hausa. Idan aka zo faɗin sadaki, maimakon a ambaci naira dubu kaza, sai a ji wakilin ango ya ce sisin gwal kaza ne, lakadan ba ajalan ba. Labarin irin waɗannan bukukuwa na Kano da Abuja da Sakkwato yakan iso garuruwa kamar Jabo da Tambuwal da Kebbe ta rediyo da wayar hannu, har yara sun iya kalmar. To, amma cikin masu faɗin ta mutum nawa ne suka taɓa riƙe sisin a hannu? Cikin waɗanda suka riƙe kuma, nawa ne suka tsaya suka dubi hoton da ke jikinsa? Sau da yawa hoton wani mahayin doki ne riƙe da takobi, dokin yana tattake wata dabba mai kama da ƙaton ƙadangare mai fukafukai. Wane ne wannan mahayi, kuma me ya kawo shi cikin sadakin 'ya'yan Musulmi?

Kafin mu kai ga amsa, ya kamata mai karatu ya tuna cewa sanya kuɗi a jiki don ado ba baƙon abu ba ne a kudancin Jihar Sakkwato. Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Tambuwal ya ga matan Fulani da tsofaffin sulalla jere cikin kitso, ko rataye a wuya tare da duwatsu jajaye. Tambuwal tana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, ita kuwa Jega a ƙarni na 19 babbar kasuwa ce ta fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Abin da fatake suka ɗauko daga nesa ba ya rasa zubowa a garuruwan kan hanya. Daular Usmaniyya ba ta buga kuɗin ƙarfe nata na kanta ba, da wuri ake ciniki, saboda haka duk wani kuɗin azurfa ko na zinariya da ya shigo hannun kakanninmu daga wata ƙasa ya fito, ɗauke da alamun mutanen da suka buga shi.

Sarauniyar da ta ƙi tsufa

Mafi shahara cikin waɗannan baƙin kuɗi shi ne liyari. Kuɗin azurfa ne babba, faɗinsa kamar santimita 4, nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya. Cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa, kashi 833 azurfa ce, sauran kuwa jan ƙarfe ne da aka haɗa don ya ƙara masa ƙarfi. Matar da ke jikinsa ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda aka fara buga kuɗi da hotonta a 1741. Ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar Gabas sun riga sun amince da kuɗinta ƙwarai, har ba su yarda da wani in ba shi ba. Don haka sai gidan buga kuɗi ya ci gaba da fito da shi da wannan hoto da wannan shekara ta 1780, ba tare da sauya komai ba. Daga baya, musamman daga shekarun 1930, an buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombay. Wannan shi ya sa idan ɗalibi ya ga liyari a akwatin kakarsa ya karanta 1780, kada ya yi saurin cewa ya tsinci abin da ya shekara fiye da 240. Mai yiwuwa ne kakar ma ta girme shi.

Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan kuɗi guda ɗaya a kan wuri 2,500. Sunansa na asali, watau tala, shi ne tushen kalmar dala ta Amurka, kuma shi ne ya bar mana kalmar dala da ake kiran sule biyu da ita a da a Nijeriya, wadda har yanzu mutanen Nijar suke ƙirga kuɗinsu da ita.

Abin sha'awa a nan shi ne yadda alamun da ke jikin liyari suka sake ma'ana a hanya. A bayansa akwai mikiya mai kai biyu, ƙirjinta rufe da garkuwa mai ɗauke da tamburan ƙasashen da gidan sarautar Habsbag ya mallaka. Ga mutumin Biyana wannan magana ce ta mulki: ga ƙasashenmu, ga ikonmu gabas da yamma. Ga Balaraben da ya karɓe shi a kasuwa kuwa, tsuntsu ne kawai, shi ya sa ya raɗa wa kuɗin suna Abu Ɗair, watau mai tsuntsu. A kafaɗar sarauniyar akwai wani maɓallin ado zagaye da ƙananan ɗigo-ɗigo, waɗanda hoton ƙwayoyin lu'ulu'u ne. Mai zanen ya sa su ne don nuna ƙasaitar sarauta. 'Yan kasuwa kuwa sai suka mai da su ma'auni. Sukan shafa su da yatsa su ƙirga, idan ɗigon sun shafe, to kuɗin ya sha hannu, azurfarsa ta ragu, sai a rage masa daraja ko a ƙi shi. Haka nan rubutun da aka yi a gefensa, wanda ke maganar adalci da rangwame da harshen Latin, ba wanda ya damu da karanta shi a nan, amma kowa ya san amfaninsa: muddin rubutun yana nan, ba wanda ya goge gefen da magagari ya saci azurfa.

Da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903 suka kawo nasu kuɗi, sai liyari ya bar kasuwa ya koma hannun maƙeran fari. Wani aka huda shi, wani aka liƙa masa kunne don a zura zare, da yawa kuma aka narkar aka yi zobba da warwaro da kayan doki. A wuyan mace ma'anarsa ta zama ta uku. Ya zama shaidar cewa gidansu da abin hannu, ya kuma zama ajiya ta kanta wadda miji ba shi da iko da ita, wadda za ta iya cirewa ta sayar ran da fari ya zo ko ciwo ya kama yaro.

Tauraron da ya je ya dawo

Kuɗin Turawa na farko ma suna da nasu labari. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, don mutanen da suka saba zura wuri a zare, kuma ba su da aljihu irin na Turawa, su sami sauƙin ɗauka. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma a 1908 aka sauya shi da haɗin jan ƙarfe da nikel. A jikinsu akwai rubutun Larabci da kuma tauraro mai tsini shida. Yau matasa da yawa idan suka ga wannan tauraro sai tunaninsu ya tafi ga tutar Isra'ila, alhali kuwa kwabon ya girmi wannan ƙasa da shekara 41. Malaman zaure sun san shi da daɗewa da sunan hatimin Annabi Sulaimanu, ana zana shi a layu da allo da kayan tagulla. Lugga da kansa ya bayyana cewa ya ga alamar ne a murfin wata buta ta tagulla da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora. Ke nan alamar daga wurinmu aka ɗauke ta, aka kai ta Ingila aka buga a ƙarfe, aka dawo mana da ita a matsayin tambarin mai mulki. Ta zauna a tutar Nijeriya daga 1914 zuwa 1960, kwabo mai huda kuwa bai bar hannun mutane ba sai bayan zuwan naira a 1973.

Kuɗin da ba shi da hoto

Akwai wata hanya dabam da Musulmi suka bi tun farko. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 ke nan, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoton mutum ko dabba a jikinsa, sai rubutu zalla. Nauyinsa giram 4.25, kuma wannan nauyi shi ne ma'aunin da hukumomin zakka na jihohin Arewa suke amfani da shi har gobe. Nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, watau giram 85. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, rubu'in dinari ne, watau giram 1 da ɗan kaɗan. A lura da kyau: shari'a ba ta tambayi hoton da ke jikin kuɗi ba, nauyi ta tambaya.

Mutanen Afirka ta Yamma sun ma fi haka sauƙaƙa abin. Al-Bakri, masanin Andalus, ya rubuta a 1068 cewa mutanen Tadmakka, a arewacin Mali ta yau, suna ciniki da dinari na zallar zinariya wanda ba a buga komai a jikinsa ba. An daɗe ana shakkar maganar, sai a 2005 masu haƙar kayan tarihi suka tono gutsattsarin tukwanen zubin irin waɗannan kuɗi a kufan garin, da ɓurɓushin zinariya maƙale a jikinsu.

To, wane ne mahayin dokin?

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Asalin abin da ake kira sisin gwal shi ne fam ɗin zinariya na Ingila, wanda aka fara bugawa a wannan siffa a 1817. Wani Ba'italiye mai suna Benedetto Pistrucci ya zana hoton. Mahayin shi ne Jorj, waliyyin Kiristoci wanda Ingilawa suka ɗauka majiɓincin ƙasarsu, dabbar kuwa dodon almara ce da ke wakiltar sharri. An fito da shi shekara 2 bayan Ingila ta gama da Napoliyon a Watalu, saboda haka ba sai an gaya wa Bature na wancan zamani wane ne dodon ba. A ƙasashen Larabawa duk wannan bayani ya zube a hanya, suka kira shi Abu Khayyal, mai mahayi. Mu kuma da ya iso mana sai muka dubi ƙanƙantarsa, muka tuna da sisin da muka sani, muka ce sisin gwal.

Nauyin na Ingila giram 7.98 ne, karat 22. Karat a nan yana nufin kashi nawa ne zinariya cikin kashi 24. Idan aka yi lissafi, zallar zinariyar da ke cikinsa giram 7.32 ce. Saudiyya ta buga nata a kan wannan nauyi a 1950, sa'an nan a 1957 ta fito da mai hoton dabino da takubba biyu. Amma da yawa daga waɗanda ake sayarwa a shagunan gwal a yau ba gwamnati ce ta buga su ba. Maƙeran zinariya ne suke kwaikwayon hoton, su yi shi giram 8, karat 21. Wannan ba jabu ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya, sai dai zallar zinariyarsa giram 7 ce daidai. Bambancin giram 0.32 kamar ba kome ba, amma a sadakin sisi 10 ya zama giram 3.2, watau rubu'in dinari har sau uku. Hoto ɗaya, suna ɗaya a bakin mai shela, haƙƙin amarya kuwa ya bambanta.

Wani abin tunani shi ne, ƙasar da ke maƙwabtaka da Kebbe tana da zinariya a ƙarƙashinta. Ana haƙo ta a Anka da Bukkuyum cikin Zamfara, da Yawuri cikin Jihar Kebbi, kuma an biya ta da tsada, don a 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Duk da haka sisin da ake miƙawa a wajen ɗaurin aure kusan duk daga waje yake zuwa, da hoton waliyyin wasu ko dabinon wasu.

Dutse a kan zinariya

Kakanninmu ba su cika dasa dutse a jikin kuɗin kansa ba, jera su suke yi a zare ɗaya: liyari a tsakiya, murjani ko tsakiya a gefe da gefe, wani lokaci da talhatana. Su ma duwatsun matafiya ne. Murjani ƙashin wata ƙaramar halitta ce ta teku, mafi kyawunsa daga Bahar Rum. Jan aƙiƙi daga Kambay ta ƙasar Indiya yake zuwa, sa'an nan a ƙarni na 19 garin Idar-Obastain na Jamus ya shiga sana'ar, yana sassaƙa shi daidai yadda mutanen Sahara suke so. Lantana kuwa tamu ce: ana fasa dutsen a wajajen Kirtashi a bakin Kwara cikin Nijar ta yau, fataken Hausawa su kai shi Ilori a goge a huda.

Me ya sa kusan dukkansu ja ne? A ƙasashe da yawa an yi imani cewa jan dutse yana tsai da jini, yana kuma kau da kambun baka. Kimiyya ba ta tabbatar da wannan ba, ko da yake akwai wata dacewa mai ban mamaki: jan aƙiƙi daga tsatsar baƙin ƙarfe da ke cikinsa yake, jan jinin mutum ma sinadarin da ke ba da shi yana ɗauke da baƙin ƙarfe. Masu sana'ar Kambay sukan gasa dutsen a tukunya don jansa ya ƙara fitowa. Shi kuwa yakutu, ainihin jikinsa haɗin alminiyam ne da iskar oksijin, wanda in yana zalla ba shi da launi. Ɗan kaɗan na sinadarin kuromiyam ne yake mai da shi ja. Idan baƙin ƙarfe da taitaniyam ne suka shiga, sai dutsen ya fito shuɗi, irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana yadda ake narka garin sinadarin a yi yakutu a ɗakin gwaji, wanda ido ba ya iya bambanta shi da na ƙasa, farashinsa kuwa bai taka kara ya karya ba.

A zamanin nan gidajen buga kuɗi sun gano cewa akwai attajiran da ke tara kuɗin ƙarfe don sha'awa, sai suka fara dasa duwatsu a jikin kuɗin. Gidan buga kuɗi na Fas a Ostireliya ya fito da wani a 2016 mai nauyin kilo 1 na zinariya da jan daimon a jikinsa, aka sa masa farashin dalar Ostireliya miliyan 1. A 2018 ya fito da wani mai siffar tsuntsuwar almarar Sinawa da aka lulluɓe da daimon ruwan hoda na mahaƙar Agail, guda 8 kacal aka yi, domin Sinawa suna ɗaukar 8 lambar arziki ce. A nan alamar ba ta yi tafiya ta sake ma'ana ba, tun farko an zaɓe ta ne don aljihun mai saye. Ga ra'ayin mai wannan rubutu, irin waɗannan sun fi kusa da kayan ɗaki fiye da kuɗi, domin ba za su taɓa shiga kasuwa su sha hannu kamar liyari ba.

Wannan salo ya iso shagunanmu ta wata siffa mai araha: sisin gwal da aka yi wa da'ira aka jera ƙananan duwatsu masu ƙyalli, aka mai da shi abin wuya. Yana da kyau, ba musu. Amma mai saye ya sani cewa sau da yawa dutse da zinariya tare ake ɗora su a sikeli ran saye, ran sayarwa kuwa mai shago zai cire nauyin dutsen, ya cire ladan aiki. Idan dutsen gilashi ne, an biya kuɗin zinariya a kan kwalba ke nan. Kuma sisin da aka liƙa wa kunne da wuta ya rasa darajarsa a wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Wadda take son ado ta saya da saninta, wadda take son ajiya kuwa gara ta bar sisinta yadda yake, ta kuma nemi a rubuta mata karat da nauyin zinariya dabam da na dutse a rasit.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa duk wannan da sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da kofin ruwa, da siririn zare. Dabarar ta Arkimidis ce, ta fi shekara 2,000. Kowane ƙarfe yana da nauyinsa idan aka gwada da girmansa. Ɗan curin da ya kai santimita 1 ta kowace fuska, in na zinariya ne zai yi giram 19.3, na dalma 11.3, na azurfa 10.5, na tagulla wajen 8.5, na yakutu 4, na gilashi wajen 2.5.

A auna kuɗin shi kaɗai a rubuta. Sa'an nan a ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mai da shi sifiri, a ɗaure kuɗin da zare a nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofi ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da kuɗin ya ture, kuma ita ce girmansa. A raba lambar farko da ta biyu. Liyari na gaske zai ture ruwa wajen giram 2.75, amsa ta fito kusa da 10.2. Sisin Ingila zai ture wajen giram 0.45, amsa ta fito kusa da 17.6. Na tagulla da aka shafa wa ruwan gwal, in nauyinsu ɗaya, zai ture ninki biyun haka. A kula kada kumfar iska ta maƙale a jikin kuɗin, don a ƙaramin abu irin wannan kumfa ɗaya tana iya ɓata lissafi. Idan kuma akwai dutse a jiki gwajin ba zai ba da amsa sosai ba, tun da dutsen ya fi zinariya sauƙi nesa ba kusa ba, sai an cire shi tukuna.

Akwai ƙarfen da yake iya yaudarar wannan gwaji, shi ne tangistin, wanda nauyinsa 19.25 ne, kusan daidai da zinariya, kuma mayen ƙarfe ba ya jan ko ɗaya daga cikinsu. Masu jabu sukan lulluɓe shi da zinariya ta gaske, har ruwan asid da maƙera ke ɗigawa a kan dutsen gwaji ya kasa tona shi, tun da sama-sama yake dubawa. Manyan dillalai suna da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta auna saurinsa, domin sauti ya fi gudu cikin tangistin. Wanda ba shi da na'ura sai ya ɗora sisin a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa a hankali da wani ƙarfe, ya kwatanta amon da na wani sisi da aka tabbatar da shi. Na gaske yakan yi amo mai tsawo, na tangistin kuwa amonsa dabam yake fita, kuma kunnen da ya saba ba ya rasa jin bambancin.